Ranar da Inna Ta Kira Suna

Da sunan Allah nake farawa, Shi nake roƙo Ya daidaita min hannu.

Zuwa ga Nomau,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan takardar nan ta same ka ka riga ka sauka Doguwa lafiya, mota ba ta lalace muku a dajin Falgore ba, ka kuma tarar da kakanka da sauƙi. Allah Ya tsare ka a hanya, Ya tsare ka a masauki, amin.

Na san za ka yi mamaki ka ga takarda a ƙarƙashin busasshen kifin tsaraba, alhali jiya muna zaune a zaure ɗaya, ina ɗinkin raga kana riƙe min bakin zare, ban ce maka komai ba sai ka kula da kayanka. Ka san yadda muke. Kai ne ɗan fari, akwai maganar da ba ta fitowa tsakanina da kai ido da ido. Rubutun kuma ka yi haƙuri da shi, na ajin yaƙi da jahilci ne. Inda ka ga na karkace, ka miƙe shi a zuciyarka.

Ka ji saƙon da direban motar kifi ya kawo: kakanka Malam Buba, mahaifin mahaifiyarka, jiki ya yi nauyi, har ya fara gaisawa da mutanen da babu mai ganinsu sai shi. Mahaifiyarka tana jego, kawunnanka sun yi kudu da shanu, don haka kai ne za ka zauna a gefen shimfiɗarsa. Ni na zauna irin wannan zama sau biyu, na Baba da na Inna, kuma duka biyun na yi kuskure. Ba na so ka je ka maimaita su. Shi ya sa na zauna rubutu.

Na farko a tsohon gari ne, wanda yanzu yake ƙarƙashin ruwan Tiga. Kana ɗan ƙarami lokacin, ba za ka tuna ba. Bazara ce, irin wadda rijiya take komawa laka, akuya ma ba ta son fita daga inuwa. Baba yana kwance a ɗakinsa, ciwo ya cinye shi. Da hantsi na shiga da koko, sai ya ce, Ɗanjuma, ku ɗage tabarmin nan, ruwa ya shigo. Na duba ƙasa, ƙura ce kawai. Ya ce ruwan ya wuce danga, ya shanye masallaci, babu abin da ya rage sai kan kukar bakin kasuwa. Ya ɗaga ido sama wajen jinka, ya ce ga wani mutum can a jirgi yana wucewa ta saman gidanmu, yana leƙowa ƙasa. Ya ce, "Kamarku ɗaya da shi, sai dai shi ya fi ka gemu."

Ka tuna mu manoma ne tun kakanni. A gidanmu babu wanda ya taɓa shiga jirgi, kogi ma sai da rani muke ƙetare shi da ƙafa. Sai na yi dariya. Da na tsaya a dariya ma da sauƙi. Ƙuruciya ta sa na ga kamar taimako ne in dawo da shi hayyacinsa, na ciccibe shi, ga shi ba nauyi, na kai shi bakin ƙofa, na ɗebo busasshiyar ƙasa na zuba masa a tafin hannu, na ce Baba ga ƙasa, ina ruwa a nan? Ya dubi ƙasar, ya dube ni, ya ce in mayar da shi. Daga ranar har Allah Ya karɓi abinsa bai ƙara gaya min abin da yake gani ba. Ina shigowa zai yi shiru. Na riƙa jin muryarsa daga waje yana magana a hankali, da na ɗaga labule sai ya rufe ido.

Shekaru suka wuce. Wasu mutane suka zo da dogayen sanduna suna aune-aune, motocin tona ƙasa suka biyo su, aka ce mu tashi, muka tashi. Ruwa ya zo. Gonar da aka ba mu a tudu ba ta ciyar da gida, na bi masunta na koyi kamun kifi. Wata safiya ragata ta maƙale. Na ja, ta ƙi. Na leƙa, ruwan ya kwanta garau, sai ga reshe mai kauri kamar cinyar sa. Bishiyar kuka ce. Na ɗaga kai na dubi dutsen da muke gani daga ƙofar gidanmu, na auna da ido, na gane inda nake. Ina cikin jirgi, a saman gidan ubana, ina leƙa ƙasa. Ban san lokacin da hannuna ya kai haɓata ba. Gemu ne cike da hannu.

Ragar nan a can na bar ta. Na je wurin liman, ya ce gaibu na Allah ne, kada in ɗora komai a kai, zazzaɓi ma yana sa mutum gane-gane. Na karɓa, kuma kai ma abin da nake so ka riƙe ke nan. Ban ce Baba waliyyi ne ba, ban san me ya gani ba, ban san yadda aka yi ya gani ba. Abin da na sani shi ne na yi musu da mutumin da yake bakin tafiya, na sa ya ƙarasa kwanakinsa babu abokin magana. Don haka in kakanka ya ce ga wane a bakin ƙofa, kada ka ce babu kowa. Ba sai ka yi ƙarya ka ce kai ma ka gani ba. Ka ce, to Kaka, me ya ce? Ka saurara. Maganin da aka ba shi kuma ka ci gaba da ba shi, koko da nono kada su yanke, gane-gane ba ya nufin an gama.

Na biyu a nan sabon gari ne, kana makaranta a Tudun Wada. Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa sabawa da nan ba. Ta ce gari ne da ba shi da inuwa, ba shi da kabari. Damina ta biyu da tashinmu ta kwanta. Da jiki ya yi nisa ita ma ta fara baƙi, kuma da rana tsaka take yin su, ido biyu, hankalinta garau, don tana gama gaisawa da su za ta juyo ta tambayi mahaifiyarka ko an kai wa kaji ruwa. Za ta gyara ɗankwali ta ce sannu da zuwa Malam, wato Baba ke nan, haka take kiransa. Ta ce sannu Iya, wato mahaifiyarta. Ta ce a shimfiɗa musu tabarma. Wannan karon ban yi musu ba, na shimfiɗa.

Ran nan da hantsi sai ta ɗago kai da sauri, fuskarta ta canza, ta ce, "Ke ma, Hansai? Har kin riga ni?" Hansai ƙanwarta ce da ke aure a Kiru, mace mai ƙarfi wadda ko ciwon kai ba mu taɓa jin ta yi ba. Sati bai cika ba da ta aiko wa Inna da daddawa. Na ce a raina yau dai Inna ta haɗa rayayye da matattu. Washegari da azahar sai ga yaro a kan keke daga Kiru, ƙafafunsa duk laka. Na tare shi a zaure. Ya ce Hansai ta rasu jiya da hantsi, tana cikin tankaɗe ta ce kanta na juyawa, ta jingina da bango, shi ke nan. Na ce masa ya sake faɗin lokacin. Ya sake. Na zauna a ƙasa. Na shiga ina neman yadda zan gaya wa Inna, kafin in buɗe baki ta ce in ba ɗan aiken ruwa ya sha, ya yi nisa.

Ga kuskuren. Abin ya fi ƙarfin cikina, na kasa riƙe shi. Da yamma a bakin ruwa, wurin da muke sayar da kifi, na gaya wa mutum ɗaya. Kafin gari ya waye sau biyu gidanmu ya koma kamar kasuwar Bebeji. Ka san abin da ke cin zuciyar mutanenmu tun da muka tashi: iyaye da kakanni duk mun bar su a can, ruwa ya hau kansu, babu inda mutum zai je ya tsaya ya yi musu addu'a. Sai suka ga kamar an buɗe musu taga. Mata suka cika ɗaki, maza suka tsaya a bakin ƙofa suna miƙo tambaya. Wata ta ce Inna ta duba mata ko ruwan yana damun su. Audu mahauci ya ce a tambayar masa babansa ko har yanzu yana fushi a kan gonar fadama, wani daga baya ya ce masa fadamar da kifi ke kwana a ciki yanzu, ai sai ku raba da tarwaɗa. Aka yi dariya a ƙofar ɗakin mara lafiya. Inna tana numfashi da ƙyar, amma bakinta bai mutu ba, ta ce musu, "Ni fa ban je ba tukuna. In na je kuma ba dawowa zan yi in ba ku labari ba."

Na ga tana wahala, amma na kasa korar kowa, duk manya ne, ni kuma na jawo su. Abin da ya kore su ya fi zuwansu muni. Wata tsohuwa, Tabawa, ta tafa hannu ta ce ku tsaya, Hansai da ta kira ba ita ce ta mutu ba? To duk wanda bakin nan ya ambata, ya shirya. Nomau, ban taɓa ganin ɗaki ya wofinta da sauri haka ba. Audu mahauci ya bar takalminsa ƙafa ɗaya, har yau bai zo nema ba. Daga ranar masu dubiya suka ɗauke ƙafa. Wanda ya daure ya zo, daga zaure zai yi sannu da murya ƙasa-ƙasa don kada ta gane shi. Matar da ta karɓi haihuwar rabin garin nan, ta ƙare babu mai shiga ɗakinta sai ni da mahaifiyarka. Baƙin nata ma ta daina yi musu magana da ƙarfi.

Saboda haka, abin da ka gani ko ka ji a ɗakin kakanka amana ce. Kada ka kai shi bakin rijiya, kada ka kai shi majalisar samari, ko da ya cika maka ciki kamar zai fashe. In ya yi maka nauyi ka yi alwala, ko ka riƙe shi har ka dawo ka sauke min. Masu dubiya ka bar su su shigo kaɗan-kaɗan, in ya gaji ka ce musu ya gaji. Kai yaro ne, za su ce ba ka da kunya. Ka bar su su faɗa.

Na uku shi ne wanda ya sa na ɗauki alƙalami, sauran duk hanya ce zuwa gare shi.

Ka san kowa Ɗanjuma yake ce min, amma sunana na yanka Iliyasu ne. Sunan yayan Inna aka mayar min, wanda kogi ya ci tun tana budurwa. Ni ne ɗan farinta, saboda haka tun da nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ɗanjuman ma ba ta faɗa. Ana yaye ni aka kai ni wurin Gwaggo Ladi, ƙanwar Baba, ita ta raine ni. In Inna za ta yi maganata sai ta ce wancan, ko ɗan Gwaggo. In za ta ba ni abinci sai ta ajiye ta ce wa bango ga tuwo nan. Ban taɓa jin haushi ba, haka kowa yake, haka nake yi maka.

Ranar da za ta rasu, bayan la'asar ne, an ɗauke ruwan sama, mahaifiyarka ta fita ɗebo itace a rumfa. Ina zaune daga bakin ƙofa ta ciki, inda na saba zama, don ban taɓa zama kusa da ita sosai ba. Idonta ya riga ya yi rauni. Sai na ji ta ce, "Iliyasu."

Na ce a raina yayanta ne ya zo, yau baƙin sun cika. Na yi shiru kamar yadda na koya, kada in shiga tsakaninta da su. Ta sake cewa, "Iliyasu, matso in gan ka." Na dubi tabarmar da na shimfiɗa wa baƙi, ina jira. Kuma tunda na ce zan gaya maka gaskiya, ba ladabi kaɗai ya rufe min baki ba. Maganar Tabawa tana cikin kunnena. Na yi mata dariya a gaban mutane, amma ta shiga. Wani abu a cikina ya ce, in ma kai take nufi, kada ka amsa. Na ƙanƙame gwiwoyina, ko numfashi mai ƙarfi ban yi ba.

Ta jira. Ta miƙo hannu kaɗan a kan zane, ta bar shi a buɗe. Can sai ta ce, a hankali, kamar mai gaya wa na kusa da ita, "Ya tafi ruwa ke nan. Allah Ya dawo da shi lafiya." Ta juya fuska wajen bango. Na ce lallai yayanta ne, tunda ruwa ne ya ci shi. Da na ga numfashinta ya canza na matsa, na riƙa faɗin kalmar shahada kusa da kunnenta, leɓenta ya motsa tare da ni, alhamdu lillahi. Kafin magariba ta cika. Amma ba ta san ni ne a wurin ba, ko ta sani, ban sani ba.

Ana zaman makoki Gwaggo Ladi ta kira ni ɗaki ta ce in gaya mata yadda aka ƙare. Na gaya mata duka, har da zuwan yayanta. Gwaggo ta ajiye carbi. Ta ce in maimaita abin da Inna ta faɗa, kalma da kalma. Na maimaita. Ta ce, mijinta da ya zo me ta ce masa? Na ce Malam. Uwarta fa? Na ce Iya. Ta ce to tun suna yara tare suka tashi, ba ta taɓa jin Inna ta kira yayanta da suna ba, yana raye ko bayan ransa, Yaya take cewa. Sannan ta dube ni ta ce, "Kai Ɗanjuma, wa ka taɓa ji an roƙa wa mamaci Allah Ya dawo da shi lafiya? Wa yake tafiya ruwa kullum a gidan nan?"

Nomau, ban yi kuka ba a lokacin. Ni da nake gane inda kifi yake daga yadda ruwa ya yi ƙyalli, ni da na lura da kowane suna da ta kira baƙinta da shi, wannan ɗaya ya wuce ni. Shekara talatin da wani abu matar nan tana riƙe da sunan a bakinta, ba ta taɓa sakinsa ba. Sau ɗaya ta ajiye kunya ta kira ɗanta, ina zaune taku kaɗan daga hannunta, na yi mata shiru. Ita kuma ko a nan ba ta zarge ni ba, uzuri ta nema min, ta bi ni da addu'a.

Ga shi ina raye, ka gani, sunan da ta kira bai kashe ni ba. Maganar Tabawa banza ce, ajali ba ya bin bakin kowa. Shirun ne ya zauna min.

To ka ji. In kakanka ya kira suna, kowane suna ne, ka matsa ka kama hannunsa ka ce na'am Kaka, ga ni, Nomau ne. In da wani yake, ba ka rage masa komai ba, zai ci gaba da maganarsa. In kuwa mai rai yake nema, ka ga bai kira a banza ba. Kada ka zauna a bakin ƙofa kamar ni, ka zauna inda hannunsa zai same ka. Kalmar shahada kuma ba umarni ake bayarwa ba, kai za ka riƙa faɗa a hankali yana ji, in ya faɗa ka bar shi ya huta.

Akwai wani abu kuma. Mahaifiyarka ita ce 'yar farinsa, kuma ka san kunyar Fulani ta fi tamu. Ta ce min tun da take bai taɓa kiranta ba, in ta shigo rugar ma tashi yake ya je duba maruƙa. Can kowa Dudu yake ce mata, amma ka san sunanta na yanka. Ranar da ka ji wannan suna a bakinsa, kada ka tsaya lissafin ko akwai wata mai irin sunan a cikin matattu. Ka ce masa za a kira ta, ka fita a guje ka sami direban motar kifi ko duk wata mota mai zuwa Tiga, ka aiko. Ko ba ta yi arba'in ba zan sa ta a mota da jaririn in kawo ta da kaina, masu magana su yi ta yi. Ban gaya mata na rubuta wannan ba, amma na riga na yanke.

Sauran ka sani. Ka riƙe salla. Ka gaida matar kakanka da ladabi, ka ɗebo mata ruwa ba sai ta ce ba. Doguwa akwai sanyi, bargon da ke ƙasan jakarka naka ne, kada ka ba kowa. Kifin ka ba su duka.

Na daɗe ina juya abu ɗaya. Kunya tarbiyya ce, ban ce a zubar da ita ba, gobe in ka dawo za ka same ni yadda ka bar ni, ina cewa kai, ina cewa yaron nan. Amma na ga abin da jira yake yi. Ba na so ka fara jin sunanka na yanka daga wurina ranar da idona ba ya gani, kana bakin ƙofa kana tunanin ko da wani nake.

Allah Ya ba kakanka lafiya, in kuma lokaci ya yi Ya sa ya cika da imani, kana riƙe da hannunsa. Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya da na dare da na mutum. Allah Ya yi maka albarka, Ya dawo da kai lafiya, Yusha'u.

Da kai nake.

Mahaifinka,
Iliyasu